Zauren WhatsApp da Rubutun 'Ya'yanmu



Da aka rufe makarantu a watan Maris na 2020 saboda annobar korona, wasu daga cikinmu mun buɗe zaurukan WhatsApp domin tsofaffin ɗalibanmu da suka shiga ƙaramar sakandare. Mun ga alfanunsu: yaron da kunya ke hana shi ɗaga hannu a aji, sai ga shi yana tambaya. Sai dai akwai abin da ya tsaya mana a rai. Kusan duk amsoshinsu da saƙon murya suke zuwa. Yaran da muka shekara shida muna kama hannunsu a kan fensir sun sami hanyar guje wa rubutu, mu kuwa muna ta yaba musu, wai suna ƙoƙari.

Don haka muke roƙon duk malamin da ke riƙe da irin wannan zaure: a yi aikin gida da biro a littafi, a ɗauki hotonsa a turo, malam ya gyara. A kuma sanya uwa ko uba a ciki, tunda galibi wayar tasu ce, kuɗin data ma daga aljihunsu yake fita.