Aikin da Babu Wanda Ya Sa Ka

 



Ranar da aka ce in yi magana a wannan taro na tunawa da kafa ƙungiyarmu, na ce wa shugaba ni fa ba malami ba ne. Abin da na sani shi ne allon shago, afish, kalanda da katin biki. Sai ya ce ai shi ɗin ake so, domin da yawa daga cikinku yanzu kuna haɗa hotuna da rubutu a waya, wasu har sun fara karɓar ɗan kuɗi a kai. To, tunda babba ya yi umarni, ga ni. Magana ɗaya na zo da ita: aikin da kake yi a gefe, wanda babu wanda ya sa ka kuma babu wanda ya biya ka, shi ne yake rainon sana'arka, matuƙar ka riƙe amana a cikinsa.

Bari in fara da abin kunyar da ya same ni. Ina yaron shago a wata maɗaba'a, aka kawo mana aikin bandarol, ƙyallen sanarwar nan da ake ɗaurawa a bakin hanya, na rufe musabaƙar Alƙur'ani. Aka ce a rubuta cewa ana maraba da manyan baƙi. Zubin haruffan da na zaɓa kyakkyawa ne, amma babu ƙ a cikinsa. In na buga sai wani ɗan akwati ya fito a gurbinta. Na ce a raina, wa zai lura? Na sa k. Aka buga, aka ɗaura. Washegari wani dattijon malami ya tsaya ya karanta a fili, "manyan baki", ya juya ya ce wa masu taron, ashe masu surutu kuka gayyato. Jama'a suka yi ta dariya. Ni kuwa ban yi ba, don an dawo da aikin, aka sake bugawa, maigidana ya cire jika 40 daga albashina kaɗan-kaɗan. Kuma gaskiyarsa ce.

Abin ya tsaya mini a rai. Na ga cewa mafi yawan zubin haruffan da ke cikin kwamfutocinmu an zana su ne don Faransanci da Ingilishi, ba a yi tunanin ɓ, ɗ, ƙ da ƴ ba. Sai na fara wani aiki bayan sallar isha'i, a tsohuwar kwamfutar da na saya da kuɗina. Na nemo zubin haruffa waɗanda masu su suka ba da izinin a gyara, na sauke wata manhaja ta kyauta mai suna FontForge, na dinga zana lanƙwasar da hannuna. Na farkon da na yi, wallahi kamar ƙugiyar ciro guga daga rijiya. Abokaina a fada suna shan shayi suna ce mini malam mai ƙugiya. Wata rana kuran ya ɗauke kafin in adana aikin mako guda, na koma farko. Amma da tafiya ta yi tafiya, masu son a buga musu littafin yaƙi da jahilci ko sanarwar asibiti da Hausa suka fara zuwa shagon suna tambaya, ina yaron nan da ba ya cinye lanƙwasa? Shagon da nake da shi yau daga nan ya samo tushe.

Nawa ƙarami ne. Ga babba. A shekarar 1989, a garin Nzerekore na ƙasar Gine, akwai wasu yara biyu Fulani, wa da ƙane, Ibrahima Barry mai shekara 14 da Abdoulaye Barry mai shekara 10. Mutane kan kawo wasiƙun Fulatanci da aka rubuta da haruffan Larabci gidansu a karanta musu. Yaran suka lura karatun yana da wuya, domin akwai sautukan Fulatanci da babu su a Larabci, kowa kuma da yadda yake rubuta su. Sai suka zauna suna zana haruffa na kansu a takarda, har suka fitar da guda 28, ana rubuta su daga dama zuwa hagu. Shi ne rubutun da ake kira ADLaM, sunan da aka ɗauko daga haruffansa huɗu na farko. Suka fara koya wa ƴan gida, suka dinga kwafe littattafai da hannu. Ba gwamnati ce ta sa su ba, ba kamfani ba.

Ku lissafa shekarun da suka yi suna wannan aiki a gefen karatunsu da neman abincinsu. Sai a 2016 rubutun ya shiga Unicode, wato babban kundin da ke ba kowane harafi lambarsa don waya da kwamfuta su gane shi. Shekara 27 kenan. Daga baya kamfanin Microsoft, tare da kamfanin talla na McCann, suka yi aiki da su aka fitar da sabon zubin haruffan, kuma a 2023 wannan aiki ya ci babbar lambar yabo ta fannin zane a bikin Cannes Lions da ake yi a Faransa, inda manyan masu talla na duniya suke gasa. Abin da yara biyu suka fara don a iya karanta wasiƙar gida, shi ne ya kai can. Ba don lambar yabo na kawo labarin ba. Abin da nake so ku gani shi ne inda suka samo tunanin: wata matsala ce da ke shigowa zaurensu kullum.

Wannan ya kawo ni ga tambayar da kuka fi yi mini: yaya, a ina ake samun sabon tunani? Da yawanku in an ba ku aiki, sai ku buɗe Canva ko Pinterest, ku ɗauko abin da wani ya yi a Dubai ko Paris, ku canza suna. Shi ya sa allon mai shayi da na mai kemis da na makarantar Islamiyya duk suka koma kama ɗaya. Ku ɗaga kai daga waya. Wanda ke Damagaram ya shiga unguwar Birni ya dubi zanen da magina suka yi a fuskar gidaje. Wanda ya taɓa ganin zayyanar allon sauka ya tuna yadda mai zayyana yake raba fili, yake haɗa ja da rawaya da kore ba tare da ido ya gaji ba. Ku dubi aska takwas a ƙirjin babbar riga, ku dubi aikin dukawa a jaka da matashi, da sassaƙar ƙwarya, da saƙar faifai. Waɗannan mutane sun san daidaito da tazara da launi tun kafin a ƙera kwamfuta. Ka je ka gaida su, ka nemi izini ka ɗauki hoto, ka tambayi sunan kowane zane. In ka dawo ka zauna ka zana shi da hannunka sau goma kafin ka taɓa waya.

Bayan ido, sai kunne. Ku saurari abin da ke damun mutanen unguwa. Ga iya tana yin man gyaɗa mai kyau a Maraɗi, tana zubawa a tsohuwar kwalbar ruwa, babu suna babu lambar waya. Wanda ya saya ya ji daɗi bai san inda zai koma ba. Ga mai kilishi, ga mai cuku, ga manomin albasar Galmi da sunanta ya kai ƙasashen gabar teku. Ga masallacin unguwa da ke rubuta lokutan salla da alli, ruwa ya zo ya wanke. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan aikin gefe ne yake jiran mai yi. Ka yi wa iya ƴar takardar mannawa a kwalba, da sunanta da lambarta da ranar da aka yi man. Ita ta samu masu saye, kai ka samu abin nunawa in an ce ina aikinka.

Yanzu sai amana, kuma a nan nake so ku buɗe kunne sosai, don a nan da yawa suke zamewa.

Na farko, lokacin maigidanka nasa ne. In kana aiki a maɗaba'a ko a buro, tawada da takarda da kuran da forfen intanet ɗin wurin ba naka ba ne. Kada ka yi aikin gefenka da su a ɓoye, kada kuma ka ja abokin cinikin maigida gefe ka ce zo in yi maka da araha. In kana son amfani da na'urar shago bayan an tashi, ka tambaya. Sau da yawa za a ba ka, har a sa maka albarka.

Na biyu, talla shaida ce kake bayarwa. Kun san labarin da malamanmu suke karanta mana, na ranar da Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya sa hannunsa mai albarka cikin tarin abincin wani ɗan kasuwa ya ji danshi a ƙasa, busasshen yana sama, ya kuma yi kakkausan gargaɗi a kan algus. To, mai zane shi ne yake shirya saman tarin nan a yau. In ka gyara hoton kaya ya fi yadda yake, ko ka rubuta cewa magani ɗaya yana warkar da ciwon suga da hawan jini da basir a kwana uku, wani ya bar maganin likita saboda afish ɗinka, kana da kaso a abin da ya biyo baya. Na taɓa mayar da irin wannan aiki a watan da ban biya hayar shago ba. Na ji zafinsa, amma na yi barci.

Na uku, aikin wani haƙƙinsa ne. Hoto da zubin haruffa da tambari duk akwai wanda ya yi gumi a kansu. Akwai na halal da yawa: Inkscape da GIMP kyauta ne, zubin haruffa irin su Noto, Andika da Charis kyauta ne, kuma suna ɗauke da haruffanmu masu lanƙwasa. Ku da kuka zo yanzu ba ku da uzurin da za ku rubuta baki a gurbin baƙi.

Na huɗu, ku yi hattara da ayoyi da sunayen Allah. Takardar sanarwa da ake rabawa a hanya, gobe za ka gan ta a kwata ko an ƙunshe ƙosai da ita. In mai aiki ya ce a sa aya, ka ba shi shawara cikin ladabi a ajiye ta ga abin da za a rataya a bango. In kuma dole za a sa, ka kai wa malami ya duba kowane wasali kafin a buga.

Ƙannena mata, maganar nan har da ku. Mai iya zanen lalle ta riga ta san layi da daidaito fiye da yawancin samarin da ke zuwa koyon aiki wurina. Aikin zane ana yin sa daga ɗaki, da waya ko ƙaramar kwamfuta, kuma mata masu sana'a a cikin gida sun fi sakewa su yi magana da ƴar uwarsu.

Kada kuma wani ya fita daga nan ya ce na ce a bar lakwal ko a ajiye aiki. Aikin gefe sunansa na gefe. Ka ba shi rabin awa ko awa ɗaya a rana, a lokacin da bai ci sallarka ba, bai ci karatunka ko aiken iyayenka ba. Malamai sun sha gaya mana falalar ɗan aiki kaɗan da aka dawwama a kansa. Rabin awar nan, in kun duba da gaskiya, tana cikin lokacin da bidiyon waya yake cinyewa.

Ga roƙona kafin in zauna. Kowannenku ya zaɓi abu ɗaya a unguwarsu kafin Juma'a mai zuwa: kwalbar iya, allon lokutan salla, ko sanarwar tsaftar unguwa da Hausa mai lanƙwasa. Ya yi shi, ya gama shi, ya kai wa mai shi, ya tsaya ya ji abin da za a ce, ko da an kushe. Sannan ina roƙon shugabanni, a taro mai zuwa a ware mana bango ɗaya a manna ayyukan, kowa da sunansa a ƙasa. Wanda ya maƙale a hanya ya same ni bayan la'asar, ƙofa a buɗe take.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka kafa wannan ƙungiya suka riga mu gidan gaskiya, Ya ƙara wa na raye lafiya. Allah Ya sa albarka a hannuwanku, Ya tsare su daga rubuta ƙarya, Ya ba mu arziƙi na halal. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren kuma nawa ne, ku yafe mini.