Iyakar da Ke Cikin Zuciya

Karatunmu na yau yana cikin 2 Sama'ila, sura 13 da 14.

A watan Agusta na 2019 gwamnatin Nijeriya ta rufe kan iyakokinta na ƙasa. Mutanen Lolo da Tsamiya a ƙaramar hukumar Bagudo sun ji a jikinsu, gama da yawansu suna da dangi a Madekali da Segbana, cikin Jamhuriyar Benin. A kwanakin nan wani dattijo ya ce mini, "Fasto, kewar ɗana ta hana ni barci." Ashe ɗan ya ƙetare iyaka tun da suka yi faɗa a kan gona. Na ce, "Baba, ka taɓa gaya masa?" Sai ya sunkuyar da kai, ga kuwa waya a aljihunsa. Wannan hanya kam, shi ya rufe ta da kansa.

Haka ya faru da Sarki Dawuda. Bayan Absalom ya kashe ɗan'uwansa Amnon, ya gudu zuwa Geshur, ya yi shekara 3 can. Zuciyar Dawuda tana marmarin ɗansa, amma bai aika masa da ko kalma ɗaya ba. Da Yowab ya komo da shi Urushalima, Absalom ya ƙara shekara 2 bai ga fuskar ubansa ba. Daga baya sarki ya sumbace shi, amma zuciyar yaron ta riga ta taurare. Sai a sura 18, ran da Absalom ya mutu, muka ji Dawuda yana kiransa ɗansa da kuka mai zafi. Dukan jama'a sun ji, sai mai sunan kaɗai.

Allah bai ɓoye mana ƙaunarsa haka ba. Tun muna masu zunubi ya bayyana ta a fili a kan gicciye.

Ɗan'uwana, 'yar'uwata, wa kake ƙauna a ɓoye? Matarka ce, ko ɗanka, ko mahaifiyarka? Girman kai yakan ce kunya ce. Kada ka jira sai a bakin kabari. Ka je, ko ka kira, tun rana ba ta faɗi ba.

Mu yi addu'a. Ya Uba, ka buɗe bakinmu tun da sauran lokaci, cikin sunan Yesu. Amin.