Kada Mu Jira Ranar Jana'iza Kafin Mu Fito da Hotuna



Akwai wata al'ada tamu da ya kamata mu duba yau. Idan wani namu ya rasu, sai mu shiga neman hotonsa. A buɗe akwati, a kakkaɓe tsohon albam, a zaɓi wanda za a buga a takardar jana'iza. A nan ne mukan ci karo da hotunan da ba wanda ya san mutanen cikinsu, mai iya gaya mana kuwa ya riga ya tafi. Roƙonmu shi ne mu fito da hotunan nan tun mai su yana da rai, mu kai masa bakin gado.

Mu tuna da Farawa sura 48. Da Yusufu ya ji mahaifinsa ba lafiya, bai tafi shi kaɗai ba, ya ɗauki Manassa da Ifraimu. Yakubu ya yi ƙarfin hali ya tashi zaune. Ya tuna da Luz, inda Allah ya bayyana gare shi. Ya tuna da Rahila, wadda ya binne a hanyar Efrata. Idanunsa sun dushe saboda tsufa, sai aka matso masa da yaran ya rungume su. Babu hoto a zamanin, amma aikin ɗaya ne: tsoho ya tuna, jikoki suka ji, albarka ta biyo baya.

Masana lafiya ma sun ga amfanin haka. A 1963 wani likita a Amurka, Robert Butler, ya bayyana cewa yawan tuna baya da tsofaffi ke yi ba alamar ruɗewa ba ce, hanya ce ta daidaita lissafin rayuwa. A 2020 kuma wani bincike a Jami'ar British Columbia ta Kanada ya nuna cewa ƙwaƙwalwar waɗansu majinyata tana amsa sauti ko bayan sun daina motsi da magana. Saboda haka kada mu ce ba ya ji, mu yi shiru.

Bara mun ziyarci wata uwa a ikkilisiyarmu wadda ta kwana biyu ba ta cewa komai. Jikarta ta nuna mata wani tsohon hoton Kirsimeti. Ta daɗe tana kallo, sai ta ɗora yatsa a kan ƙanwarta, wadda suka yi shekaru ba sa ga-maciji saboda rabon gona. Ta ce a kira ta. Aka kira ta a waya, suka nemi gafarar juna da kuka. Bayan kwana huɗu ta huta. Da an bar hoton nan a akwati, da ta tafi da wannan nauyi.

Mun san waɗansu za su ce wannan kamar fid da rai ne da marar lafiya. Ba haka ba ne. Rai a hannun Allah yake, addu'ar warkarwa kuma ba za mu daina ba. In ya tashi, mun ƙaru. In Ubangiji ya kira shi, ba mu bar shi cikin kaɗaici ba.

Ga yadda za mu yi. Mu fara neman yardarsa, in ya ƙi mu ƙyale shi. Mu kawo hoto biyar ko shida kawai, gama majinyaci yana saurin gajiya. Mu tambaye shi: Baba, wane ne wannan? Wace shekara ce? Wani ya rubuta sunayen a bayan hoton da fensir. In ya rikita suna, kada mu yi masa gardama. In ya yi hawaye, kada mu ƙwace hoton, ai Yakubu ma ya ambaci baƙin cikinsa. In idonsa ba ya gani, mu riƙe hannunsa mu faɗa masa abin da ke ciki. Mu zo da yara su ji da kunnensu.

Ba mu manta da iyalan da hotunansu suka ƙone tare da gidajensu ba, kamar a rikicin Kaduna na 2000 da na Jos na 2001. Ku tambayi dangi da tsofaffin abokan majami'a, su turo abin da suke da shi ta WhatsApp. In ba a samu ba, tsohon zanen Zumunta ko littafin waƙoƙinsa zai iya buɗe masa baki.

Dattawa, kowa a cikinmu ya san gida ɗaya da ake jinya. Mu je a wannan mako, mu ce a fito da albam. Ubangiji ya ba mu zuciyar yin haka tun da sauran lokaci. Amin.