KU TSARE KAYAN AIKINKU DAGA ƁARNAR ƁERA

Ga shi an tsince auduga, ɗari ya shigo, kowa ya jingine kayan aikinsa sai wata damina. Maganar da na zo da ita yau ta ɓera ce, wanda waɗansu ke ce wa kusu.

In aka kawar da amfanin gona, ɓera ya rasa abinci a daji, sai ya nufo gida neman ɗumi da abin kaiwa baki. Ƙaramin tarakta da aka ajiye a mangaza wata biyar ko shida ba wanda ya taɓa shi, wannan ɗaki ne aka gina masa kyauta. Haƙoransa na gaba ba su daina tsiro, shi ya sa kome ya samu sai ya gaigaya: wayar lantarki, tiyon mai, robar famfon feshi, har kujerar zama. Ramin da fensir zai shiga, wato kamar milimita 6, ya ishi ƙaramin ɓera wucewa. Macen tana haihuwa bayan kwana 20 ko 21 da ɗaukar ciki. Ashe biyun da suka shiga a watan Disamba, kafin Mayu sun zama gari guda.

Babban haɗarin shi ne sheƙa. Yana jawo auduga da ciyawa ya cusa cikin matatar iska, ko ƙarƙashin murfin inji inda iska ke bi ta sanyaya shi. Ran da ka ta da injin, iska ba ta da hanya, sai ya yi zafi ya lalace, wani lokaci ma ya kama wuta. Ga ruwan shuka ya sauka, kai kuwa kana neman makaniki. Kun san audugar da aka makara shukarta ba ta cika buhu, bashin taki kuwa ba ya jira.

Mutanen da sun ce, in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Don haka ga abin da za ku yi.

1. Ku wanke inji sarai. Ku zazzage injin shuka, kada ƙwayar iri ko ɗaya ta saura ciki.

2. Kada ku haɗa inji da hatsi, ko gyaɗa, ko irin auduga a ɗaki ɗaya. In ba wani ɗaki, a ɗora buhuna bisa katako, nesa da bango.

3. Ku toshe bututun hayaƙi da mashigar iska da soson ƙarfe ko ragar waya. Tsumma ba ya hana shi, kayan sheƙa ka ba shi. Ku ɗaura jan ƙyalle a wurin, don ku tuna ku cire kafin tayarwa.

4. Famfon feshi a wanke shi, a cire batir, a rataye shi sama da waya.

5. Ku liƙe ramukan bango da siminti, ku doka gwangwani a gindin ƙofa. Ku nome ciyawar da ke kewayen mangaza. Itacen auduga kuwa a tuge a ƙone, kamar yadda aka saba.

6. Ku ɗana tarko a jikin bango da ɗan ƙuliƙuli, gama nan ne hanyarsa. Kyanwa ma tana taimako. Maganin ɓera guba ne: kada a sa shi inda yara ko kaji za su kai, wanda ya mutu kuma a binne shi.

7. Kowane mako biyu ku buɗe murfin inji ku duba.

Saura magana ɗaya. Kashin ɓera da fitsarinsa suna ɗauke da cuta, kamar zazzaɓin Lassa da aka fara ganewa a Nijeriya a 1969. In kun iske sheƙa, kada ku share ta a bushe ƙura ta tashi. Ku jiƙa ta da ruwan jabel tukuna, ku kwashe da shebur, ku wanke hannu da sabulu.

Aikin nan bai wuce na yini ɗaya ba. Wanda bai gane wani abu ba ya tambayi malamin gona na garinsu. Allah ya kai mu damina lafiya.