Yadda A Ke Ɗaukar Dangwalen Yatsa

 Zanen yatsan mutum ba ya zama ɗaya da na wani, ko da tagwaye ne. Amma dangwalen da ya dagule ba shaida ba ne gaban alƙali, har mai gaskiya ya rasa gonarsa.

To, mutum ya fara wanke hannu, ya bushe sarai. A shafa tawadar ɗab'i 'yar kaɗan bisa gilashi, ban da tawadar rubutu, gama ta kan malala. Malam shi zai riƙe yatsan, ya mirgina shi bisa tawada, sa'an nan bisa takarda, daga gefen farce zuwa ɗaya gefen, sau ɗaya tak. Kada a danna, dannawa ita ke toshe zanen. A ƙarƙashi a rubuta sunan mutumin, da ko wane yatsa ne.