Idan Mai Gida Ya Ce A Tashi: Kuɗin Haya da Kuɗin Ajiya



Da aka ba ni damar yin magana a wannan taro, sai na zaɓi abin da ya fi yawan kawo mini baƙi tun da na ajiye alli. Da yawa daga cikinku kuna da ɗaki a gidan mahaifinku a nan, amma a Abuja, Kaduna, Kano da Legas 'yan haya ne ku. Zanen aro kuwa ba ya rufe katara. Wata rana mai gida zai ce yana son gidansa, kuma a wannan rana ce ake gane wanda ya shirya.

Bara wani tsohon ɗalibina ya zo mini da kuka. Mai gidansa ya ba shi takardar tashi, shi kuwa cikin fushi ya daina biyan haya, ya ce a cire daga kuɗin ajiyar da ya bayar sa'ad da zai shiga. Ya zauna wata huɗu a haka. Da aka je kotu, aka ce ya biya watannin nan huɗu, kuɗin ajiyar kuma ya tafi wajen gyaran ƙofofi da fenti, ga kuɗin lauya. Ya fita da bashi, ya bar wa 'yan garinmu baƙin suna a unguwar, domin mai gidan ya rantse ba zai sake ba wani namu haya ba.

Kuskurensa ɗaya ne: ya haɗa abu biyu da ba su haɗu ba. Kuɗin haya ladan zama ne, muddin kana kwana a gidan yana kanka, ko an ba ka takardar tashi ko ba a ba ka ba. Kuɗin ajiya kuwa amana ce a hannun mai gida, domin gyara abin da ka lalata. Ba ka da ikon mayar da shi haya sai da yardarsa, kuma yardar ta kasance a rubuce.

Sai dai shi ma mai gida doka ta yi masa iyaka. A Abuja, idan yarjejeniyarku ba ta faɗi wani abu dabam ba, mai biya mako-mako ana ba shi wa'adin mako guda, mai biya wata-wata wa'adin wata guda, mai biya shekara-shekara kuwa wata shida. Dokar haya da Jihar Legas ta kafa a 2011 ta zo da irin wannan wa'adi, ta kuma wajabta wa mai gida ba da rasit. Bayan wa'adin ya cika, akwai wata takarda ta kwana 7, wadda ke sanar da kai cewa mai gida zai nemi gidansa a kotu. Kotu ce kaɗai ke da ikon fitar da mutum. Cire rufi, ko sauya kwaɗo, ko watsar da kayan mutum waje, duk saɓa doka ne. Kowace jiha da tata dokar, don haka kowa ya nemi sanin ta inda yake zaune, ya kuma karanta abin da ya sa wa hannu, domin yarjejeniya na iya rage wa'adin nan.

Yanzu bari mu koma aji mu yi lissafi. A ce hayarka naira 600,000 ce a shekara, wato naira 50,000 a wata. Ka zauna wata takwas, sai mai gida ya ce ɗansa zai yi aure, yana son gidan. Kana da haƙƙin zama har kuɗinka ya ƙare. Idan ka ga dama ka yi masa kara ka tashi, to saura wata huɗu, wato naira 200,000, kuma kuɗinka ne. Ku rubuta ranar da zai mayar da shi tun kafin ka ɗaure kaya, domin wanda ya riga ya miƙa makulli ba shi da sauran abin riƙewa.

Game da kuɗin ajiya, shawarata ita ce kafin ka fita ka kira mai gida ko wakilinsa, tare da shaidu biyu, ku zaga gidan ɗaki-ɗaki. A rarrabe abin da ya tsufa don kansa da abin da aka ɓata. Fentin da ya koɗe bayan shekara biyar aikin zamani ne, amma tagar da yaronka ya fasa taka ce. Ka ɗauki hotuna da wayarka, ka biya kuɗin wuta da na ruwa, ka ajiye takardunsu. Duk abin da za a cire daga ajiyarka a rubuta shi da farashinsa, sauran a ba ka. Kuɗin dillali da na lauya da ka biya da farko sun tafi, kada ka ɓata lokaci wajen neman su.

Akwai kuma 'yan uwa a cikinmu da suka gina gidaje suka zuba 'yan haya. Ku ma maganar ta shafe ku. Kuɗin ajiya ba riba ba ce, kada ku sa shi a siminti ranar da aka ba ku, sannan ku ƙirƙiro ɓarna ranar tashi. Ku ba mutum wa'adinsa cikakke, musamman mai yara a makaranta, domin tayar da iyali a tsakiyar zangon karatu yakan jawo wa yaro asarar shekara. Na ga haka da idona sau da yawa.

A ƙarshe, ina roƙon kowane reshe ya ware dattawa biyu ko uku, har da lauya idan akwai, waɗanda ɗan uwa zai kai wa takardar tashi a makon da ya karɓe ta. Yawancin rigimar nan zama ɗaya take bukata, in an zo da ita da wuri.