Matakan Girman Yaro: Ra'ayoyin Masana da Halin Yaran Batsari da Safana



Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya ratsa kwalejin horon malamai ya ci karo da ra'in matakai, watau ra'ayin da ke cewa hankalin yaro hawa-hawa yake girma. Masana huɗu ne suka fi shahara a kansa. Sigmund Freud ya kasa girman yaro mataki 5 bisa ga sha'awar jiki. Erik Erikson, a 1950, ya kasa rayuwa mataki 8, daga goyo har tsufa. Jean Piaget, mutumin Suwizalan wanda ya rasu a 1980, ya kawo matakan tunani 4: daga haihuwa zuwa shekara 2, daga 2 zuwa 7, daga 7 zuwa 11, sa'an nan daga 11 zuwa sama. Shi kuwa Lawrence Kohlberg, a 1958, ya zana mataki 6 na rarrabe daidai da ba daidai ba.

Inda Suka Yi Tarayya

Ko da yake waɗannan masana sun sha bamban, akwai abubuwa huɗu da suka ɗauka tamkar tabbatattu. Na farko, matakan jere suke, ba a tsallake ɗaya, kamar yadda rarrafe ke gabatar tafiya. Na biyu, kowane mataki sabon salon tunani ne: ɗan shekara 8 ba sani kawai ya ɗara ɗan shekara 4 ba, hanyar tunaninsa ma dabam ce. Na uku, na baya shi ne harsashin na gaba. Na huɗu, jerin ɗaya ne ga dukan 'yan Adam, kuma ƙololuwa ɗaya ake nufa.

Uku na farko ba baƙi ba ne ga Bahaushe. Ya san jinjiri, da yaye a wajen shekara biyu, da yin wayo, da balaga. A wajen shekara bakwai ake yi wa yaro kaciya, a kuma umurce shi da salla, kusan daidai da inda Piaget ya ja iyakar mataki na uku. Haka nan cewa abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba, ai batu na biyu ke nan. Gardama tana kan na huɗu.

Abin da Bincike Ya Nuna

Wani gwajin Piaget shi ne a juye ruwa daga gajeren kofi zuwa dogo siriri, a tambayi yaro ko ya ƙaru. A binciken Patricia Greenfield a Senigal, wanda aka buga a 1966, yaran Wolof da yawa da ba su yi boko ba sun ce ruwan ya canja. Amma da aka bari suka juye da hannunsu, sai masu amsa daidai suka ƙaru. A 1969 kuma Douglass Price-Williams da abokan aikinsa sun tarar 'ya'yan maginan tukwane a Meziko sun riga tsaransu gane cewa curin yumɓu ba ya ƙaruwa don an sake masa siffa. Ashe jerin matakai kan tsaya, amma shekarun hawansu sun dogara ga sana'a da tarbiyya da yadda aka yi tambaya.

Batsari da Safana

Waɗannan ƙananan hukumomi biyu suna bakin Dajin Rugu, manoma da makiyaya ke zaune a cikinsu. Yaron da ke bin shanu tun yana ɗan bakwai yakan gane wadda ta ɓace da duba ɗaya. Yarinya mai tallar dafaffen rogo takan yi lissafin canji da ka. Duk da haka jarrabawar takarda tana iya nuna su dolaye, alhali awon ne ya gaza.

Bugu da ƙari, tsarin ilmi na ƙasa, tun daga shirin firamare kyauta na 1976, ya ɗauka yaro zai shiga aji ɗaya yana ɗan 6, ya hau aji kowace shekara. Hare-haren 'yan bindiga sun karya wannan tsani ga yara da dama. A Fabrairu 2020 kaɗai an kashe kimanin mutum 30 a Tsauwa da Dankar ta ƙasar Batsari, ƙauyuka kuma sun watse. Yaron da ya yi hijira yana aji biyu, ya dawo yana ɗan 12, a wane aji za a sa shi? A hankalin duniya ya wuce shekarunsa, a karatu bai kai su ba. In an bi shekaru, ba zai gane darasi ba. In an zaunar da shi cikin ƙannensa, kunya za ta kore shi. Erikson kuwa ya ce matakin farko shi ne amincewa da duniya, wanda tsoro ke girgizawa.

Kammalawa

Saboda haka wajibi ne ma'aikatan ilmi su auna yaro da harshensa da abin da ya saba taɓawa, su buɗe ajin gaggawa ga waɗanda karatunsu ya yanke, su kuma horar da malamai gane alamun firgita. Ra'in matakai jagora ne ga malami, amma kada ya zama hujjar fid da rai daga yaro. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, ɗan shekara 12 kuwa bai bushe ba.

Allah ya ba mu zaman lafiya, amin.